An cire kansar ciki, toh waye yake duba hanta?

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son yin wannan rubutun, musamman saboda 'yan uwanmu na nan Legas da suke da wanda aka yiwa aikin kansar ciki a gida, dan na lura mu Hausawa da zarar an ce likita ya cire ciwon, an gama kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, an sallami mutum, toh a wajenmu magana ta ƙare, sai barka da arziƙi sai kwalin malt da gwangwanayen madara da katan ɗin lemo, kowa burinsa yaga mara lafiya ya murmure ya maida jikinsa. Niyyar mai kyau ce, Allah ya bada lada. Amma wallahi a wannan ciwon kayan dubiyar da muke kaiwa suna cikin abubuwan da suke wahalar da mutum, kuma akwai gaɓar da take shan wuya a ɓoye babu mai tambayar lafiyarta, wato hanta.

Babanmu aka yiwa. Ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, a Agege muke zaune tun muna yara. Ya daɗe yana fama da abun da duk muke kira olsa, yana shan farin maganin ruwan nan na kemis, sai da ya fara rama yana ƙoshi da loma kaɗan sannan aka zura masa kyamara ta baki aka ga abun da yake ciki. Tumbin gaba ɗaya aka cire, aka jawo ƙaramin hanji aka haɗa shi da bututun abinci, aka yi kemo kafin aikin da bayansa. Alhamdulillah yana nan da ransa, har yana leƙa kasuwa yana yiwa yara faɗa akan buhu.

Ciwon nan ba ƙarami bane a duniya. A lissafin hukumar binciken kansa ta duniya na shekarar 2022, kusan mutum dubu 970 ne suka kamu, wajen dubu 660 suka rasu. Babban sanadinsa wata ƙwayar cuta ce da ake kira H. pylori, wadda wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980, har aka basu kyautar Nobel a 2005, kuma ƙwayar nan ta cika cikin 'yan Najeriya. A Koriya ta Kudu duk wanda ya kai shekara 40 ana leƙa cikinsa duk bayan shekara biyu, shi yasa suke kama ciwon da wuri, masu warkewa suke da yawa, kuma da yawa daga ilimin yadda ake rayuwa bayan aikin daga can da Japan yake fitowa. Mu nan sai abu ya ci jiki ake zuwa asibiti, waɗanda suka tsallake kaɗan ne, dan haka a unguwa da wuya ka samu wanda zai ce maka nima an yiwa nawa, ga yadda muka yi. Kowa laluben kansa yake.

Bara in fara da suga, dan shi ya fara firgita mu.

Tumbi ba jakar zuba abinci bane kawai. Shi yake riƙe abinci ya markaɗa shi, ya dinga sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa hanji ta wata 'yar ƙofa da take ƙasansa. In aka cire shi ƙofar ma ta tafi, duk abun da mutum ya haɗiya kai tsaye yake faɗawa hanji. In abu ne mai zaƙi kuma ruwa-ruwa, toh nan ake yinta.

Wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci abokan kasuwarsa suka zo dubiya, falo ya cika, ana ta "Alhaji ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, Allah yasa kaffara ne". Ɗaya daga ciki ya fasa kwalin da ya kawo ya buɗe malt ya miƙa masa yace "Alhaji daure ka shanye, wannan ai jini ne." Baba mutum ne mai kara, bazai iya maida hannun baƙo ba, ya kafa kai ya shanye. Ba'a yi rabin awa ba gumi ya karyo masa, zuciya na bugawa, ciki na murɗawa, sai banɗaki. Ya lafa, muka ce Alhamdulillah. Can wajen la'asar kuma sai ga wani sabo, hannu na karkarwa, magana na harɗewa, yana kallonmu amma ba ya gane waye waye. Umma ta ɗora hannu aka tana salati tana cewa shikenan ciwon ya dawo, maƙociyarmu kuma tace iska ce a nemo malam yayi ruƙiyya. Ƙanina ne ya ɗakko na'urar gwajin sugan nan ta tsira yatsa, ya gwada, 52. Duk abun da yayi ƙasa da 70 ai suga ya faɗi.

Mutumin da ya sha zaƙi kuma sugansa ya faɗi, ni da farko abun ya ɗaure min kai, amma bayanin likita ya warware shi. Likitoci suna kiran abun damfin, kuma kala biyu ne. Na farko yana zuwa cikin minti 10 zuwa 30 da cin abinci, saboda abun da ya faɗa hanji lokaci ɗaya yana janyo ruwan jiki zuwa cikin hanjin, shi ne gumin da jirin da zawon. Na biyu sai bayan awa ɗaya zuwa uku, sugan ya shiga jini da gudu ya hau sama, jiki ya tsorata ya antayo insulin, sinadarin da yake sauke suga a jini, fiye da kima, sugan ya ƙare insulin ɗin yana nan yana aiki, sai ya ja mutum ƙasa. A wannan lokacin kam maganinsa ɗan zaƙi ne kaɗan, dabino ko alewa, in ya farfaɗo a bi shi da abu mai riƙe ciki irin ƙwai ko ƙosai, in ba haka ba a sake komawa gidan jiya.

Daga nan tsarin girkin gidanmu ya canza. Ba sau uku yake ci ba yanzu, sau shida ne ko fiye, a ƙaramin faranti, yana taunawa sosai dan haƙoransa ne suka karɓi aikin markaɗen. Ruwa baya haɗa shi da abinci, sai an yi kamar rabin awa. Abun da yafi yi masa ciwo rabuwa da shayi mai kauri da burodin Agege, karin kumallonsa tun kafin a haife ni, har yau in yaga ƙannena suna tsoma burodi a shayi sai ya kauda kai yace "ku dai kuna shagali". Koko mai suga shi kaɗai a cikin da babu komai, wannan ma ya fita. Tuwo yana ci amma loma kaɗan, miyar ce ake cika masa da kifi ko naman da ya dahu luguf. In zai fita kuma, kun san gosulon Legas, mutum zai iya shiga mota a Agege ya kwashe awanni bai wuce Oshodi ba, dan haka aljihunsa baya rabuwa da dafaffen ƙwai da dabino biyu-uku.

Yanzu hanta, wadda saboda ita na zauna rubutun nan.

Jinin da ya taso daga hanji ɗauke da yawancin abun da mutum ya ci ko ya sha, ba zuciya yake fara zuwa ba, wata babbar jijiya ce take kai shi hanta tukunna. Kamar dai Mile 12 ce, duk tirelar da ta taso daga Arewa nan take fara sauke kaya, a ware mai kyau da ruɓaɓɓe, a ajiye na ajiyewa, sannan a rarraba cikin gari. Suga, magani, guba, duk ita take fara karɓa. Shi yasa ma in kansar ciki zata bazu hanta na cikin wuraren da take fara sauka, kuma shi yasa ake yawan yiwa masu wannan ciwon sikanin ɗinta, musamman a shekara biyu zuwa uku na farko da ciwon yafi yawan dawowa. Matsalar ita ce in aka fito aka ce babu ƙari a hanta sai kowa yayi hamdala a naɗe takarda, alhali hanta tana iya zama babu kansa amma ba lafiya gareta ba.

Ranar da aka yi masa wani sikanin ina tsaye a gefe, an shafa masa man nan mai sanyi a ciki, haƙarƙarinsa duk a waje ana iya ƙirgawa, mai sikanin yana goga na'urar ƙasan haƙarƙarin dama yace masa "Baba ja numfashi ka riƙe", ya ɗan jima yana kallon allon sannan yace akwai kitse a hantar. Baba yayi dariya yace "ɗana duba da kyau dai, ni da ko a kumatu babu kitse ina na samo na hanta?" Nima a raina haka nace, dan abun da muka sani shi ne kitsen hanta ciwon masu tumbi ne da masu ƙiba da masu ciwon suga.

Ashe ramamme ma yana samu, kuma ta hanyar yunwa yake zuwar masa. Hanta tana buƙatar furotin, sinadarin gina jikin nan na nama da kifi da ƙwai da wake, dan da shi take naɗe kitse ta fitar da shi zuwa jini. In babu furotin isasshe kitsen sai ya taru a cikinta. Abun da yake faruwa da yara masu kwashiyoko kenan, jiki a rame hanta a kumbure da kitse. Wanda aka cirewa tumbi kuma yana zubar da nauyi da sauri a watannin farko, jiki yana narkar da kitsensa yana turawa hanta, ga abinci baya shiga da yawa, wanda ya shiga ma ba duka yake narkewa ba. Sai mu kuma mu zo da tausayinmu mu cika ɗan wurin da ya rage masa da lemo da malt da kunun zaƙi, wanda babu furotin ɗin kirki a ciki, sugan da yayi yawa kuma hanta kitse take maida shi. Kunga mun haɗa masa biyu, mun hana shi abun da hantar take nema mun ƙara mata abun da ya dame ta. Ni a ganina in da gaske ana son taimakon irin wannan mara lafiyan, kiret ɗin ƙwai ko kifi ko mudun wake yafi kwalin lemo goma, ko a bada kuɗin gwaji kawai, duk da nasan wani zai ga kamar bai yi fasali ba ya shigo dubiya da wake a leda.

Akwai wata magana da mutane suke jin kunyar faɗa, bayan gida. In yana fita fari-fari, da maiƙo, yana yawo a saman ruwa baya tafiya da wuri, ga wari na daban, toh kitse ne baya narkewa. Ruwan narkar da abinci da yake fitowa daga fankiriyas, gaɓar nan da take samar da insulin, baya haɗuwa da abincin akan lokaci tunda an canza hanya. Akwai kafso na musamman da ake haɗiya tare da abinci ya maye gurbin ruwan, kuma yana taimakawa sosai wajen tsaida ramar. Dattijo bazai taɓa gayawa 'yarsa wannan ba, likita ma sai ya tambaya da kyau, mu Umma ce ta lura ta faɗa a asibiti, Baba yana ta harararta.

Sai kemo. Magungunan da aka fi amfani da su a kansar ciki, irinsu oxaliplatin da capecitabine da 5-FU, duk suna iya taɓa hanta. Oxaliplatin yana iya lalata ƙananan hanyoyin jinin cikinta, sauran kuma suna iya ƙara mata kitse. Yawanci tana farfaɗowa, hanta gaɓa ce mai juriya, amma ba dalili bane na a daina dubata dan an gama ƙarin ruwa na ƙarshe.

Babban abun tsoron a wajenmu 'yan Najeriya shi ne ciwon hanta na hepataitis B. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, kuma yawancinsu basu sani ba, dan yana iya zama shekara da shekaru shiru. Kemo yana danne garkuwar jiki, ƙwayar sai ta samu fili ta hayayyafa, kuma abun mamaki sau da yawa ba lokacin kemon take nuna kanta ba, sai an gama, garkuwar jiki ta dawo ta tarar hanta cike da ƙwayar ta afka mata, mutum ya wayi gari ido yayi ɗorawa, a gida ace shawara ce a jiƙa masa saiwa. Ana rasa rai ta nan, mutum ya tsallake kansa hanta ta kada shi. Baba an gwada shi kafin a fara kemo aka samu yana da shi, aka ɗora shi akan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Akwai wani irinsa entecavir. Ana ci gaba da sha watanni bayan kemo, wasu ma sha ne na dindindin, kuma ba'a tsayar da shi da ka, in aka yanke shi farat ɗaya ƙwayar tana iya tasowa da ƙarfi. Dan Allah duk wanda za'a fara yiwa nasa kemo ya buɗe baki ya tambaya, likita an duba hepataitis B? Ba rashin kunya bane.

Toh sai maganin gargajiya, nan ne ake samun saɓani da dangi. Kowa da jarkarsa. Wani kawunmu ya aiko da tashi tun daga gida a motar albasa, wai tana wanke dattin kemo, maƙota Yarbawa kuma ga agbo, ga masu yawo da kwalabe masu ɗaci a tasha suna cewa yana wanke hanta tas. Ni ban raina gargajiya ba, da shi aka raine mu, amma ba'a san me aka haɗa ba, ba'a san yawansa ba, kuma duk abun da aka kurɓa hantar nan dai zai fara tararwa, ga babu tumbin da zai ɗan riƙe shi. Likitocin hanta sun san lalacewar hanta ta dalilin jiƙe-jiƙe, ba sabon abu bane a wajensu. Umma ta karɓi jarkar tayi godiya, Baba ya kira kawu yace "Allah ya saka da alheri, ya iso", jarkar kuma tana bayan ƙofar kicin har ta yi tsami aka zubar. Zumunci bai ɓaci ba.

Na kemis ma ba'a barshi a baya ba. Farasitamol ga babba mai lafiya iyakarsa giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas ta 500, wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba ko hantarsa ba daidai ba nasa ƙasa da haka ne, kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa, mutum ya sha biyu ya ƙara da na mura bai san ninkawa yayi ba. Magungunan ciwon jiki irinsu diclofenac da ibuprofen kuma suna iya haddasa gyambo a wajen ɗinkin. Haɗin nan na kemis da ake ƙulla ƙwayoyi kala-kala a leda ace na gajiya, wannan kam a nisanta shi da gidan gaba ɗaya.

Gyaɗa ma sai an kula, duk da tana cikin abubuwan da suke taimakonsa. Gyaɗa da masara in aka adana su da danshi suka yi fumfuna suna fitar da guba mai suna aflatoksin, dafuwa bata kashe ta, kuma in ta haɗu da hepataitis B haɗarin kansar hanta ninkuwa yake sosai. Danshin Legas kuwa kun san shi, buhu ya kwana biyu a sito da damina sai ya canza wari. Cibiyar binciken noma ta IITA da take Ibadan har wani abu ta ƙirƙiro mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona saboda wannan matsalar. Mu dai yanzu ƙuli-ƙuli da yajin da bamu san asalinsu ba baya ci, gyaɗar Umma ce take tsince ta ɗaya-ɗaya ta zubar da masu baƙi da waɗanda suka motse, ta soya da kanta.

Wani aikin hanta kuma shi ne ajiyar bitamin B12. Tumbi ne yake samar da sinadarin da yake sa hanji ya iya tsotsar wannan bitamin ɗin, in babu tumbi ko saniya guda mutum zai cinye kusan babu abun da zai shiga. Ajiyar hanta ce take rufa asiri na wani lokaci, shi yasa ake ruɗuwa aga ai lafiya lau, sai ta ƙare sannan a fara ganin kasala, ƙarancin jini, tafin ƙafa yana mutuwa, tafiya tana tangaɗi, mantuwa, a ce tsufa ne ko ragowar kemo, tunda oxaliplatin ma yana kashe yatsu. Wanda aka cirewa tumbi duka B12 nasa har ƙarshen rayuwa ne, yawanci allura, wata-wata ko duk wata uku gwargwadon irin allurar. Maganin ƙarin jinin kwalba baya maye gurbinta, hasali ma folik asid ɗin da yake ciki zai iya gyara lambar jini a takarda jijiyoyi kuma suna ci gaba da lalacewa, kuma in lalacewar ta daɗe ba lallai ta gyaru ba. Sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki yake yin jini da shi, da kalsiyam da bitamin D suma basa shiga yadda ya kamata, na farko ya kawo ƙarancin jini, sauran ƙashi yayi rauni. Shayi kusa da abinci yana ƙara hana ayon shiga, wani dalilin kenan na raba su.

Tsakuwar maɗaciya ma tana yawan biyo bayan aikin, saboda ramar gaggawa da kuma jijiyar da take sa maɗaciya ta matse wadda ake yankewa. Wani gwaji da aka yi a Koriya aka wallafa a 2020 ya nuna cikin shekara guda kusan 17 cikin 100 na waɗanda basu sha maganin kariya ba sun samu tsakuwar, waɗanda aka ba wani magani mai suna ursodiol kuma wajen 5 cikin 100 ne. Ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama da zazzaɓi ko ido ɗorawa, asibiti ne a ranar, ba gobe ba.

Masu ciwon suga tun asali kuma suna da nasu. Da yawa bayan irin wannan aikin sugansu yana sauka, wasu har a rage musu magani, dan haka ci gaba da shan adadin da ake sha a da ba tare da likita ya sake dubawa ba haɗari ne, haka na hawan jini. Maganin ciwon suga metformin ma yana rage B12, abu ya haɗu goma da ashirin. Gwajin nan na sugan wata uku kuma yana iya bada lambar da ba daidai ba in mutum yana da ƙarancin jini, shi yasa 'yar na'urar gida take da amfani. Waɗanda aka bar musu wani sashe na tumbin kuma bayan shekaru ci yana dawowa, in aka koma zaƙi da zama wuri ɗaya teɓa ce take fitowa naman jiki bai dawo ba, kitsen hanta ya shigo ta hanyar da aka saba. Tafiya dai ita ce, Baba duk sallolinsa a ƙafa yake zuwa masallacin da yafi nisa da gangan.

Azumi ya zama rigima a gidanmu, bazan ɓoye ba. Mutumin da tun balagarsa bai sha azumi ba kace masa ya ci abinci da rana, ai kamar ka zage shi ne. Amma wanda dole ya ci sau shida, sannan ya yini babu komai, ya zo ya buɗe baki da kunu da zoɓo mai suga da lemo lokaci ɗaya, kun riga kun san abun da zai biyo baya kafin a idar da asham. Likita yace a'a, bai ji ba, sai da limamin unguwa ya zo har gida ya zauna da shi yace "Alhaji, Allah da kansa ya yiwa mara lafiya rangwame a cikin Baƙara, wanda ciwonsa mai ɗorewa ne ya ciyar, kai zaka fi Allah sanin jikinka ne?" Sannan ya sakko. Ciyarwa yake yi. Wasu da jikinsu ya daidaita bayan shekaru likita yana iya basu dama da sharuɗɗa, wannan tsakaninsu ne da likitansu, kar wani ya kwaikwayi wani.

Yanzu duk zuwa asibiti akwai 'yar takarda a jakata, dan layi yana da tsawo likita yana sauri, in baka tambaya ba sai ka fito da rabin abun da ya kawo ka. Gwajin aikin hanta, wanda zaku ga an rubuta ALT da AST da bilirubin da albumin, sai yawan jini da ayon da B12, sai suga, sai nauyinsa a rubuce dan a ga ko yana ƙara sauka. Mai hepataitis B kuma sikanin hanta duk wata shida. Lambobin ALT suna iya fitowa daidai alhali akwai matsala, shi yasa wani lokacin ake ƙarawa da FibroScan, na'urar da take auna taurin hanta ba tare da an tsaga ba. A Legas dai Alhamdulillah akwai inda za'a je, ga asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da cibiyar kansarta da aka buɗe a 2019, ga na LASUTH a Ikeja, kuma a nemi ganin masanin abinci na asibiti, mutane suna raina wannan ofishin alhali rabin jinyar a can take. In mutum zai koma Arewa hutu ko gaba ɗaya ya tafi da takardar aikin da take nuna me aka cire da sunayen magungunan kemon, dan likitan can bazai gane ta kallon tabo ba.

Sauran 'yan gida kuma kar a tsaya kallo. Hepataitis B da H. pylori duka suna zagayawa cikin iyali. A Najeriya sai 2004 aka saka rigakafin hepataitis B cikin alluran jarirai, dan haka duk wanda aka haifa kafin nan akwai yiwuwar bai samu ba. Mu duka mun je an gwada mu har Umma, waɗanda basu da shi aka fara musu allurar, guda uku ce, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Yayanmu da yake yawan kukan olsa shima an gwada shi H. pylori ta bayan gida, an samu, ya sha maganin sati biyu, aka sake gwadawa bayan wata guda aka tabbatar ta mutu.